Wane Aiki Allah Ya Kira Ni In Yi? Tambayar Da Ke Damun Matasan Kirista a Gombe

A majami'un Gombe, daga cikin gari har zuwa Billiri da Kaltungo da Talasse, akwai roƙon addu'ar da ba ya yankewa. In ba mai jiran sakamakon JAMB ba ne, to wadda ta gama bautar ƙasa ce tana zaman jiran takardar kama aiki, ko magidancin da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, yana tunanin ajiye alli ya koma kasuwar hatsi. Kusan dukkansu magana ɗaya suke faɗa wa mai jagorar sujada: a yi mini addu'a Allah ya nuna mini nufinsa. Sai a yi addu'ar, a ce amin, a watse. Abin da ba kasafai ake zama a warware ba shi ne ta yaya mutum zai gane an nuna masa, kuma shin da gaske akwai wani aiki guda ɗaya tak da Allah ya ɓoye masa, wanda in ya kuskure shi rayuwarsa ta bauɗe ke nan.

Bakin Kiristoci bai zo ɗaya ba a kan wannan, kuma saɓanin ba na jiya ba ne. A Littafi Mai Tsarki kansa labarai iri biyu mutum zai tarar. Akwai waɗanda aka kira ɓaro-ɓaro: Musa yana kiwon garken surukinsa Yetro ya ga kurmi yana cin wuta, Sama'ila yana yaro ya ji murya da dare, Amos makiyayi ne mai lura da itatuwan ɓaure aka ɗauke shi daga bin garke, Shawulu kuma, wanda aka fi sani da Bulus, haske ne ya kayar da shi a hanyar Dimashƙu. Da waɗannan aka fi yin wa'azi a makon matasa, don suna da daɗin ji. Sai dai babu ko ɗaya cikinsu da ke zaune yana azumin a gaya masa sana'ar da zai kama. Kowa yana kan harkarsa kiran ya riske shi, Musa da Irmiya ma hanzari suka shiga kawowa. Kuma ba su da yawa. Mafi yawan bayin Allah da littafin ya ambata ba su ji wata murya game da aikinsu ba. Yusufu ya yi mafarkai, amma ba mafarkin ne ya kai shi Masar ba, sayar da shi 'yan'uwansa suka yi. Daniyel kamo shi aka yi zuwa Babila, aka sa shi makarantar fada ba da shawararsa ba. Nehemiya mai shayarwa ne a fadar sarkin Farisa, daga bakin ɗan'uwansa ya ji garun Urushalima na rushe, abin ya tsaya masa a rai, ya yi addu'a, ya nemi izinin tafiya. Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, Dokas kuma riguna take ɗinkawa, ba a kuma rubuta cewa ɗayarsu ta ga wahayi kafin ta kama sana'a ba.

In aka bi wasiƙun Bulus, kiran da ya fi nanatawa shi ne kira zuwa ga Almasihu da zaman tsarki, kuma wannan kowane mai bi ya same shi, fasto ne ko ɗan acaɓa. A 1 Korantiyawa 7:17-24 ya ce wa mutanen Koranti kowa ya yi zamansa da Allah a halin da kiran ya same shi. Da ya zo kan bawa, wanda ba shi da ta cewa ko a kan jikinsa balle aikinsa, sai ya ce kada bautar ta dame shi, amma in ya sami hanyar 'yanci ya bi ta. A ganina babu ayar da ta fi wannan dacewa da matashin Gombe na yau. Ba ta ce masa halin da yake ciki shi ne iyakarsa ba, ba ta kuma ce sai ya fita daga ciki sannan rayuwarsa za ta yi daraja a gaban Allah ba.

A Turai ta zamanin da, an daɗe ana ganin masu kira su ne firistoci da waɗanda suka keɓe kansu a gidajen ibada, saura kuwa neman abinci kawai suke yi. Martin Luther, ɗan Jamus, shi ya ƙalubalanci wannan da ƙarfi. A 1520 ya rubuta cewa duk wanda aka yi wa baftisma firist ne, baduku da maƙeri da manomi kowa yana da muƙaminsa, bambancinsu da bishop na aiki ne ba na matsayi a gaban Allah ba. Hujjarsa ita ce, in muka roƙi abincin yini, Allah yana da ikon sauko da shi daga sama, amma ya zaɓi ya ɓoye a bayan hannun mai noma da mai niƙa da mai dafawa. Saboda haka aikinka ba Allah ne yake bukatarsa ba, maƙwabcinka ne. Koyarwar tana da nata rauni. Da yake Luther ya fi karkata ga cewa kowa ya tsaya inda aka haife shi, masu mulki sun ji daɗinta, shi kansa ma da manoman Jamus suka yi tawaye a 1525 bayan sarakuna ya bi. John Calvin da almajiransa sun ɗan sassauta: suka ƙara nauyi a kan baiwar da Allah ya ba mutum, da hakkin sarrafa ta don amfanin jama'a, wanda ke ba mutum damar sauya aiki in baiwarsa za ta fi amfani a wani wuri. Ɗarikar Katolika kuma, a Majalisar Batikan ta Biyu da ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta bayyana cewa kiran zuwa tsarki na kowa ne, ba na Fada da Sista kaɗai ba. Wato a rubuce yau kusan kowace ɗarika ta yarda aikin malamin asibiti da na magini kira ne. A aikace ne labari yake sauyawa, kuma tarihin yadda bishara ta shigo ƙasarmu yana da hannu a ciki.

Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi, don haka 'yan mishan suka fi karkata ga wurare irin ƙasar Tangale da Waja, da kudancin Bauchi wajen Bogoro da Tafawa Balewa. 'Yan mishan ɗin ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), John Hall da Gordon Beacham, sun iso Kaltungo a 1917. Daga aikin SIM ne ɗarikar ECWA ta fito a 1954, kamar yadda ɗarikar COCIN ta fito daga aikin wata ƙungiyar mishan, SUM (Sudan United Mission). Tashar mishan abu uku take tafe da su: majami'a, aji, da ɗakin shan magani. Yaron da ya yi ƙoƙari a karatu hanya uku ce a gabansa, ko ya zama mai bishara, ko malamin makaranta, ko malamin asibiti, kuma duka ukun a ƙarƙashin mishan suke, duka ana ganinsu aikin Ubangiji. Kakanninmu ba su raba su ba, don sau da yawa mutum ɗaya ne yake koyar da karatu ranar Litinin ya hau bagade ranar Lahadi. Da gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, malami da nas suka koma ma'aikatan gwamnati, sai fasto ya rage shi kaɗai da sunan mai aikin Allah. Daga nan tsani ya kafu a zukatan mutane ba tare da wani ya taɓa koyar da shi a fili ba: ɗan mishan a sama, fasto a biye, sai likita da malami, ɗan kasuwa a ƙasa, ɗan siyasa kuwa sai dai a yi masa addu'a.

Ana jin tsanin nan a shaidun da ake bayarwa. Labarin wanda ya ajiye babban aiki ya shiga hidima kullum yana samun tafi, kuma akwai manyan misalai da kowa ya sani: William Kumuyi na Deeper Life da Enoch Adeboye na Redeemed duka malaman lissafi ne a jami'a kafin su koma hidima gaba ɗaya. Amma yaushe aka taɓa tsayar da wata a gaban ikkilisiya aka ce ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa a asibitin ƙauye, ba ta taɓa karkatar da magani zuwa kemis ɗinta ba, mu gode wa Allah don kiranta? Illar tana zuwa ta fuska biyu. Saurayi mai ƙwazon ibada, wanda kansa ke ja a lissafi ko gyaran inji, sai ya riƙa jin kamar yana guje wa Allah irin na Yunusa in bai tafi makarantar tauhidi ba. Wani kuma, wanda ya buga nan ya buga can bai samu ba, sai ya tuna akwai hanyar da ba a tambayar maki mai yawa, ya ce ya ji kira. Rashin adalci ne a yi wa dukan fastoci wannan kallo. Wanda ya ga yadda ma'aikatan EMS, reshen bishara na ECWA, suke zama a ƙauyukan da babu hanyar mota, suna noma don ciyar da iyali, ya san ba kwaɗayi ne ya kai su ba. Amma duk dattijon ikkilisiya mai faɗin gaskiya ya san nau'i na biyun ma akwai shi.

Abin sha'awa, tsofaffin ɗariku sun riga suna da maganin wannan, sai dai fasto kaɗai suke ba shi. A ECWA ko COCIN ko Baptis ko Angilikan, cewa ka ji kira ba ya isa. Sai ikkilisiyar da ta san ka tun kana yaro ta shaide ka, ka yi karatu a wuri irin JETS a Jos ko TCNN a Bukuru ko wata makarantar Littafi Mai Tsarki, a gwada ka a fili shekaru, sannan a yi maganar naɗi. Mai neman zama Fada a Katolika yakan shafe shekara takwas ko fiye ana duba shi, kuma ana iya cewa ya koma gida a kowane mataki. Tushen wannan yana cikin Sabon Alkawari. A 1 Timoti 3 Bulus ya ce mai burin shugabancin ikkilisiya abu mai kyau yake buri, amma sharuɗɗan da ya jero duka na hali ne da idon jama'a ke gani: kamun kai, karɓar baƙi, iya koyarwa, rashin son kuɗi, iya riƙon gida, kyakkyawar shaida har a wurin waɗanda ba masu bi ba. Bai sa mafarki a ciki ba. Shi kansa Bulus, duk da hasken hanyar Dimashƙu, sai da ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu shi da Barnaba kafin su fita, kamar yadda Ayyukan Manzanni 13 ya nuna. Abin da mutum ke ji a ciki, sai na waje sun tabbatar. To me ya hana a yi wa yarinyar da ke tsakanin karatun jinya da na lauya irin wannan zama? Malaminta na makarantar Lahadi, da shugabar Zumuntar Mata, da wani ɗan ikkilisiya da ya daɗe a aikin, sun fi kowane baƙon mai wa'azi sanin abin da hannunta ya iya da inda haƙurinta yake ƙarewa.

Baƙon mai wa'azi kuwa yanzu shi ke da kasuwa. Ikkilisiyoyin Fentikos sun dawo da wani abu da tsofaffin ɗariku suka yi sakaci da shi, wato sa rai cewa Allah mai rai ne, yana iya magana da mutum yau. Ba na cikin masu cewa hakan ba ya faruwa. Amma abin ya kai matsayin da yaro zai ƙi cike takardar neman aiki don wani annabi ya ce masa ya ga shi a ƙasar waje, ko ya sa wa Allah sharaɗi: in aka kira ni a waya kafin Juma'a, nufinka ne. Sukan kafa hujja da Gidiyon da ulun da ya shimfiɗa a masussuka. Wanda ya karanta Littafin Mahukunta sura 6 da kyau zai ga Gidiyon ya riga ya san abin da aka umarce shi, tsoro ne ya sa shi neman alama, har yana roƙon kada Allah ya husata da shi. Labarin Agabus a Ayyukan Manzanni 21 ya fi koyarwa. Annabin ya faɗi gaskiya cewa za a ɗaure Bulus a Urushalima. Abokan Bulus suka ɗauki hakan a matsayin kada ya je, suna kuka suna roƙonsa. Bulus ya yarda da annabcin, ya ƙi fassararsu, ya tafi. Ko annabcin gaske ne, bai ɗauke wa mutum nauyin yin tunani ba, shi ya sa aka ce wa Tasalonikawa kada su raina annabci amma su gwada kome.

A wajen gwada abin da ke motsi a zuciya, Katolika suna da gadon da ya kamata sauran ɗariku su ara ba tare da jin kunya ba. Ignatius na Loyola soja ne ɗan Sifen, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a 1521. Yana jinya ya lura cewa in ya yi tunanin suna da jarumtaka yakan ji daɗi lokacin, bayan nan zuciyarsa ta bushe, in kuwa ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, farin cikin yakan daɗe. Daga nan ya tsara ƙa'idodin da har yau ake bi. Ɗaya ita ce kada mutum ya sauya babbar shawara a lokacin da ransa yake a ɓace. Malamin da shugaban makaranta ya ci wa mutunci da safe, ba ranar ce zai yanke cewa Allah ya gama da shi a koyarwa ba. Wata kuma ita ce ka ɗauka wani da ba ka sani ba ne ya zo maka da wannan matsala, me za ka ce masa? Sannan ka tambayi kanka wanne za ka so a ce ka zaɓa ranar da kake kan gadon mutuwa. Ya kuma yarda mutum ya zauna ya jera amfani da illar kowace hanya, da hankalin da Allah ya ba shi. Maƙwabtanmu Musulmi ma in babbar shawara ta taso sukan haɗa istihara da neman shawarar manya. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a ce addu'a da tunani tare suke tafiya.

Duk wannan yana ɗauka cewa akwai zaɓi, a nan kuwa gizo yake saƙa. Yawancin littattafai da wa'azin intanet da matasanmu ke saurare a kan wannan batu daga Amurka suke zuwa, inda ake ce wa yaro ya bi abin da zuciyarsa ke so. Yaron Gombe ya nemi likitanci a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko wani kwas a Jami'ar Tarayya ta Kashere da ta zo a 2011, ko injiniya a ATBU ta Bauchi, sai a ba shi abin da ya rage. Makinsa da aljihun mahaifinsa da yawan gurbi su suka zaɓa masa. Iyayensa sun tashi a zamanin UPE ta 1976, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowa, lokacin da takardar shaidar malanta kan kai mutum aji kai tsaye. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 wannan alkawari yake ta zaizayewa, amma har yanzu a gidaje da yawa aikin gwamnati ne kaɗai ake kira aiki. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta abin, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwa. Ka ce wa mai digiri da ke zaune a rumfar POS ya bi abin da zuciyarsa ke so, kamar ka miƙa wa mai jin yunwa jerin sunayen abinci ne.

Ayar da aka fi rubutawa a katin bikin kammala karatu ita ce Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, na alheri ba na masifa ba. Ana yanko ta ne daga tsakiyar wasiƙa, wasiƙar kuwa zuwa ga kamammu ce a Babila. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu kome zai dawo daidai. Irmiya ya ce shekara saba'in ne. Kafin nan, ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, don a cikin lafiyarsa tasu take. Alkawarin gaskiya ne, amma an ba da shi ne ga mutanen da ke wurin da ba su zaɓa ba, kuma umarnin da ya zo tare da shi na kama aiki ne a wurin, ba na zaman jiran ranar fita ba. Yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar a Babila suka mutu. Wanda ya karanci kimiyyar siyasa ya ƙare a sayar da taki da maganin feshi bai faɗi daga shirin Allah ba. Manoman da ke sayen kayansa su ne maƙwabtan da aka ba shi, kuma ko zai sayar musu da na gaske ko jabu, nan ne kiransa yake a yau, ko da gobe wata hanya za ta buɗe ya bi ta.

Maganar buɗewar ƙofa ma tana son a tsaya a kanta. Mun saba cewa in ƙofa ta buɗe Allah ne ya buɗe. Amma a ƙasar da sai mai uwa a gindin murhu yake cin tuwo da miya, ƙofofi da yawa kuɗi ne ke buɗe su. Cinikin guraben aiki ya yi ƙamarin da a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa. Akwai iyalan da suka sayar da fili ko shanu don saya wa ɗansu gurbi, akwai masu zuwa kotu su yi rantsuwar rage shekaru don kada su haura talatin su rasa bautar ƙasa, ko don su shiga ƙa'idar ɗaukar aikin ɗamara. Ranar Lahadi a zo da godiya ta musamman, a yi rawa zuwa gaban bagade, a ce Allah ya yi. Fasto ya sani, dattawa sun sani, ba mai tankawa, don su ma suna da 'ya'ya a gida. Na san nauyin abin, kuma wanda bai taɓa kallon ɗansa yana zaman kashe wando shekara da shekaru ba ya sassauta harshe. Duk da haka ba za a kira wannan jagorar Ruhu ba. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka 3 suna tambayar me za su yi, bai ce su bar aikinsu ba, ko da yake mutane sun tsani aikin. Ya ce wa masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su dangana da albashinsu. Ga yankin da ya ba ƙasar nan sojoji da 'yan sanda masu yawa kamar kudancin Gombe da kudancin Bauchi, wannan amsa ta fi kowace kusa da gida. Littafin bai cika damuwa da wane aiki ba. Ya fi damuwa da ta wace hanya ka shiga, da abin da kake yi wa mutane bayan ka shiga.

Sai batun gida. A wurinmu ba mutum ɗaya ne yake zaɓar aiki ba. Ɗan fari ya san kuɗin makarantar ƙannensa na jiransa, don kawunai da gwaggwanni sun haɗa hannu wajen nasa karatun. In ya zo ya ce, "Baba, ina jin Ubangiji yana kirana zuwa hidima," amsar da yakan samu ita ce, "To ɗana, mun ji, amma ƙannenka fa?" Wasu masu wa'azi sukan fassara wannan da cewa Shaiɗan ne yake magana ta bakin iyaye. Ban yarda ba. Bulus ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman na gidansa, ya fi marar bi muni, Yesu kuma a Markus 7 ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Gaskiya ne akwai lokacin da kira yake raba mutum da gida. Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a jirgi, amma Markus ya ƙara da cewa sun bar shi tare da ma'aikata. Akwai kuma mutumin ƙasar Garasinawa da aka warkar, ya roƙa ya bi Yesu, Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya ba da labari. Iyaye ma suna da nasu laifin, musamman masu tilasta wa yaro likitanci don a riƙa kiransu baban likita.

Ga mata tambayar ta fi sarƙaƙiya. ECWA da Katolika ba sa naɗa mace fasto ko firist, ga kuma tsammanin cewa aure ne zai yanke inda za ta zauna da aikin da za ta yi. Yarinyar da fasto ya aura sai a wayi gari an ɗora mata kiran mijinta, ta zama Mama, ko da ita akanta ce mai son aikinta. Matar kirki ta Karin Magana 31, da ake karantawa a kowane bikin aure, gona take dubawa ta saya, tana saƙa tana sayarwa. Ba kasafai mai wa'azin biki yake tsayawa a waɗannan ayoyi ba.

Raina aikin hannu kuwa ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo shi ba. Cikin mutanen farko da aka ce an cika su da Ruhun Allah akwai Bezalel a Fitowa 31, kuma an cika shi ne don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Mutanen Nazarat a matsayin masassaƙi suka san Yesu. Bulus, da duk karatunsa a gaban Gamaliyel, ɗinkin tanti yake yi tare da Akila da Bilkisu a Koranti, kuma shi ne ya ce wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Garin Gombe yana ta faɗaɗa tun da ya zama babban birnin jiha a 1996, ana neman mai sa tayil da mai haɗa sola da mai aikin famfo wanda zai faɗi rana ya cika, ga noman rani a Dadin Kowa. Mai digiri yana jin kunyar ya durƙusa gaban ubangidan da bai gama sakandare ba ya koyi sana'a, kunyar kuwa daga gida da majami'a ya ɗauko ta.

Tambayar da ta fi wuya a yanzu ita ce ta masu fita waje. Nas ko likitan da ya sami hanyar Ingila yana da hujja mai ƙarfi: albashin wata ɗaya a can zai riƙe gida ya biya wa ƙanne makaranta, kuma Bulus ya ce in ka sami hanyar 'yanci ka bi ta. A ɗaya gefen ga asibitin masu saran maciji a Kaltungo, inda ake kawo manoma da makiyayan da kububuwa ta sara, musamman lokacin aikin gona, daga jihar da ma maƙwabtanta. Maƙwabcin da Luther ke magana a kansa yana kwance a can, wani maƙwabcin kuma yana gida yana jiran kuɗin makaranta. Babu ayar da za ta raba wannan gardama ga kowa da kowa lokaci ɗaya. Mutum biyu masu tsoron Allah, ajinsu ɗaya, za su iya yin addu'a iri ɗaya, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Abin da ikkilisiya za ta iya yi shi ne ta zauna da kowannensu kafin ya sayi tikiti ko ya yaga takardar, ta tambaye shi wa zai ci amfanin tafiyar, wa zai ɗauki asararta, kuma in ya zauna, su wa a cikin ikkilisiyar za su taya shi ɗaukar nauyin ƙannen da albashin gida ba zai iya ba.